Tsuntsu Mai Fiffike Ɗaya

Ranar da muka buɗe adakar Iya Sahura
kafur ne ya fara yi mana sallama,
sai tsohon turaren wuta da ya ƙi mutuwa.
Can ƙasa, ƙarƙashin tasoshi,
zanen gadonta na kwance, ninki huɗu,
farin alawayyo da ya koma launin koko.

Tsakiyarsa ta sare.
Mutum tara suka yi jarirantaka a kansa,
biyu suka yi jinyar ajali.
In ka ɗaga shi ga rana
sai ka hango Dala ta cikinsa.
Asu ya ci rabonsa, ya bar ƙofofi
sun fi na ganuwa yawa.

Amma bakin zanen bai san an tsufa ba.
Surfanin na nan daram,
dagi na bin dagi, alharini ja da kore,
da wasu tsuntsaye masu dogon wuya
da ban taɓa gani a bishiyar kowa ba.

Yayana Sallau ya ce, “Ba ni in goge babur.”
Ban tanka ba.
Na naɗe abina cikin mayafi
na nufi Soron Ɗinki.

Malam Ɗanjummai, tabarau ɗaure da zare,
bai kalli fuskar aikin ba, sai ya kifa shi a cinya.
Ya ce, “Aikin allura ta baya ake karanta shi.
Duba nan, hannun yarinya ne, ga gaggawa.
Nan koren ya ƙare mata,
ta aika Kurmi, aka kawo wanda bai yi kama ba,
ta haƙura ta ci gaba.
Nan kuwa taku ya fara faɗi,
ido ne ya soma ja da baya.”

Ya kai kusurwar ƙarshe ya tsaya.
Allura ce soke a jikin zane, ta yi tsatsa,
da guntun zare a hancinta,
da tsuntsu mai fiffike ɗaya.
Ko kiran salla ne ya tashe ta,
ko tukunya ce ta kama,
babu wanda ya rage da zan tambaya.

“Kada ki nuna masa omo,” in ji Malam.
“Sabulun salo, ruwan randa, shanya a inuwa.
Ki wanke shi kamar kina wa tsohuwa wanka.”

Kwana uku almakashi na kan tabarma
ina kewaye shi.
Ran Alhamis bayan la'asar na yi bisimilla.
Ƙarar yankan farko har cikin haƙorina.

Gefen dama ya zama rigar matashi biyu.
Na hagu na naɗe Alƙur'anin Baba da shi,
wanda bangonsa ya rabu tun ina firamare.
Tsakiyar da ta sare ban yar ba,
tana tace mini gasara da safe.
Zulai ta tsince ƙyallayen da suka zuba
ta ɗaura wa 'yartsanarta zane har da kallabi.
Sallau ya zo, ya daɗe yana shafa matashin,
bai yi zancen babur ba.

Saura kusurwar tsuntsu.
Na zare allurar, na sayo sabuwa,
na ce bari in ƙarasa mata fiffiken.
Takuna kusa da nata
kamar sawun agwagwa a gefen rubutun allo.
Na warware.

Na yi masa shafi da sabon yadi, na kalmashe baki,
ya zama majanyi.
Yanzu in na bi ta Jakara da Ummita a baya
mata kan tsayar da ni su ce,
“Wa ya yi miki wannan aiki? Ai bai ƙarasa ba.”
Sai in ce, kakata ce,
an kira ta ne tana tsaka da yi.

Tsohuwar allurar na cikin kwalbar turare.
Tsatsarta ta bar tabo a wuyan tsuntsun,
na gwada lemon tsami sau biyu, bai fita ba.
Na bar shi.